Yatsun Sambo a Bangon Sito

Aikin farko da aka ba ni a sana'ar koyar da ƙwallon kwando shi ne bugun famfo. Ba usur ba, ba agogo ba, famfon keke. Ƙwallo biyu muke da su a wata sakandaren maza a Tambuwal, kuma babu wadda take riƙe iska fiye da rabin awa. Sai in zauna a gindin dogonyaro ina bugawa, yara suna wasa da ɗaya, in ta saki su wurgo mini, in wurga musu ɗayar. Wata uku na yi a haka da takardar kwaleji a aljihuna. Na fara da wannan ne saboda ku, Nasiru da Aminu, da aka turo ku bana ku karɓe ni. Na ji ɗayanku yana gaya wa abokinsa a waya cewa shi dai ya dace, an ba shi aikin busa usur a inuwa. Ba zan faɗi ko wane ne ba, amma gwiwata ce ta tsufa, kunnena yana nan.

Maigidana a wancan lokaci tsohon soja ne, Baba Kofur muke ce masa. A wurinsa na koyi auna fili da igiya, da jan layi da toka, da yadda ake sa mai walda ya lanƙwasa rodi ya zama kwando ba tare da ya fito kamar bakin tulu ba. Ragar kwando kuwa wani masunci ne yake saƙa mana da zaren koma. A wurinsa kuma na koyi cewa duk shekarar ɗan wasa tana cikin makonni shida, wato daga dawowa hutun damina zuwa ranar da za a fara gasa. Abin da ka zuba a jikin yaro a waɗannan makonni shi za ka ɗiba har ƙarshen kakar wasa.

Shi Baba Kofur zubawa kawai ya sani. Gudu cikin yashi, jan tayar mota da igiya a ƙugu, tsallen kwaɗo daga wannan kwando zuwa wancan. Idan an gama ya jera yara, ya rataye hannu a baya, ya daka musu tsawa.

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Baba!"

Sai ya juyo ya dube ni. "Ka ji ko, ɗan kwaleji? Da bakinsu sunka hwaɗi. Ƙara musu zagaye fuɗu."

Abin haushi kuma, hanyarsa tana aiki. Yaranmu na Tambuwal yawanci 'ya'yan 'yan kasuwa ne da ma'aikata, hutunsu a majalisar mai shayi suke yin sa. Sukan dawo da tumbi da numfashin tsofaffi. Mako biyun farko kuka ne da tafiyar agwagwa, amma kafin mako na biyar sai ka ga yaro yana tashi sama kamar ba shi ba. Na ga haka shekara huɗu a jere, sai na ɗauka na gane sirrin sana'a: ka ƙara nauyi, ƙarfi ya ƙaru.

Ranar da aka mayar da ni Kebbe, a kan babur na tafi, kwandon rodi rataye a wuyana, ƙwallo a cikin buhu. Hanya ta girgiza ni har na manta addu'ar da na fara. Makarantar ba ta da fili, sai muka share gefen sito, muka ɗebo jar ƙasa, wasu dattawan mata suka zo suka yi mana daɓe irin na tsakar gida. Suna bugawa suna tambayata wace amarya ce za a kawo mai ɗaki ba rufi. Daɓen ya yi tauri kamar siminti, na yi ta murna, ban yi tunanin ƙafafun da za su riƙa dira a kai ba.

Yaran Kebbe dabam suke. Sun dawo hutu a bushe, ba tumbi ba kumatu, hannu duk kanta. Ranar farko na ba su zagaye ashirin na Baba Kofur, na tsaya ina jiran masu faɗuwa. Suka gama, suka sha ruwa, sai wani gajere mai bakin tsiya, Lawali, ya ɗaga hannu.

"Malam, yaushe za a hwara horon?"

Na koma gida na ninka komai a takarda.

A cikinsu akwai Sambo, ɗan wata ruga da ke kan hanyar Fakku, mutanen da suka daɗe da zama suna noma suna kiwo. Don tsabar tsawo, sai ya sunkuya yake shiga aji. Ranar da ya fara riƙe ƙwallo, rungume ta ya yi ya taka da ita har ƙarƙashin kwando, ya ajiye ta a ciki a hankali kamar mai ajiye ƙwarya. Shekara biyu na yi ina gyara shi, kuma ban taɓa samun yaron da yake ɗaukar abu da sauri irinsa ba. A shekara ta uku, wadda ita ce ta ƙarshe gare shi a makaranta, aka aiko mana cewa masu zaɓen 'yan wasan jiha za su zo daga Sakkwato su kalli wasanmu na farko, mu da Tambuwal. Wanda suka ɗauka zai tafi can, ya yi wasa, ya ci gaba da karatu.

Mahaifinsa, Baffa Manu, ya biyo ta makaranta ranar kasuwa. Ya tsaya ya daɗe yana kallon kwandon, sannan ya ce da ni:

"Malam, ni ban san amfanin jefa abu cikin kwando mai ɓuli ba. Amma yaro na so, kai ma kana so. Bana kaɗai nika ba ku. In sunka ɗauke shi, Allah shi raka. In ba su ɗauke shi ba, sanda na jiran shi, kawunshi na biɗar mutum wurin shanu."

Na dafa ƙirji na ce ya bar mini komai. Na tambaye shi lafiyar gida, na tambaye shi lafiyar shanu, na tambaye shi ruwan bana. Abu ɗaya ne ban tambaya ba, wato abin da Sambo yake yi tsakanin sallar asuba da ƙararrawar makaranta.

Kafin in ci gaba sai na gaya muku labarin bangon sito, wanda yake gefen filinmu, fari tas da farar ƙasa. Yaran nan sun ƙirƙiro wata gasa tasu. Kullum kafin in iso, kowa ya goga gawayi a yatsu uku, ya yi tsalle ya mari bango. Kowa da layinsa, da sunansa a ƙasa. Lawali ne alƙali, yana hawa benci ya rubuta lambar ranar a gefen kowace alama don kada a yi gardama. Firinsifal ya yi mini magana a kan ƙazantar, ni kuma na kore su ya fi a ƙirga. Har shara na taɓa sa su a kai. Alamar Sambo ce a sama da ta kowa, can kusa da kwanon rufi, kuma ko ita ban taɓa tsayawa na duba da kyau ba.

Kada ku ce ban yi aiki da ilimi ba. A kwaleji an koya mana cewa bayan horo ka tambayi kowane ɗan wasa yadda ya ji wahalar, daga ɗaya zuwa goma, ka rubuta. Na sayi littafi sabo, na ja layuka. Na jera su bayan gudun yashi da jan taya, gumi yana ɗiga daga haɓarsu.

"Sambo, nawa?"

"Ɗaya, Malam."

"Umaru?"

"Ɗaya."

Haka har aka zo kan Lawali, wanda yake riƙe da gwiwa yana haki. Ya duba hagu, ya duba dama, ya ce, "Biyu." Ai kuwa fili ya ɗauki ihu. Mako guda ana bin sa da "sannu rago". Har yau da yake da shago da 'ya'ya bakwai, in ka shiga kasuwar Kebbe ka tambayi Alhaji Lawali ba wanda zai gane, sai ka ce Alhaji Biyu. Bayan wannan ba wanda ya sake wuce ɗaya, ni kuma na cika littafina da ɗaya-ɗaya, ina jin daɗi.

Wanda ya tsara wannan tambaya bai taɓa zama a garinmu ba. Yaron da aka rena a kan cewa in babba ya tambaye shi gajiya ya ce babu, ba zai dubi idon malaminsa ya ce takwas ba. Balle Sambo, wanda a gidansu nuna ciwo a gaban mutane abin kunya ne da ake tunawa da shi har jikoki. Ni ma na san haka, a cikinta na tashi, sau dubu na ce wa Baba Kofur ba gajiya alhali ina ganin taurari. Amma da na riƙe biro sai na manta.

Saboda shi ne abin da muke taƙama da shi, Sambo nake ƙara wa kaya. In an sallami kowa, shi ya tsaya. Buhun yashi a kafaɗa, hawa benci da sauka sau ɗari. Tsallen igiya a kan daɓen nan mai tauri. A mako na uku malamin lissafi ya kawo ƙararsa wai yana barci a aji. A mako na huɗu jifan da yake ci ido rufe ya fara kuskurewa, kuma ya daka wa Umaru tsawa a kan abin da bai kai ba, shi da ba a jin muryarsa. Na ce yabo ne ya shiga kansa, na ƙara masa hawa hamsin. Wata rana na ji yana ƙanshin man shanu, na ga ƙwaurinsa na dama yana sheƙi.

"A'a, Sambo, biki za a yi ne ba a gayyace mu ba? Wannan shafe-shafe fa?"

Yara suka yi dariya, shi ma ya yi murmushi. "Ƙaya ce tat taɓa ni, Malam."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

Makon ƙarshe, wanda ya kamata in sassauta jiki ya tattara ƙarfinsa, shi ne na fi matsawa, don in burge baƙi.

Ranar wasa gari ya cika fili. Baba Kofur ya zo da yaransa a motar haya, mutum biyu daga Sakkwato suna zaune a kan kujerun ofishin firinsifal da littafi a cinya. Baffa Manu yana tsaye can nesa, ya dogara da sandarsa. Minti biyar na farko Sambo ya jefa uku, na ga mutanen Sakkwato sun haɗa kai suna magana, ɗaya ya tambayi sunansa. Sai ƙwallo ta bugi allon kwando ta dawo, ya tashi ya cafke ta, ya dira a ƙafar dama. Ba wanda ya taɓa shi. Na ji ƙara kamar an taka busasshen kara, ya zauna a ƙasa da ƙwallon a hannunsa. Bai yi ihu ba. Da na isa kansa, ƙafar ta juya inda ƙafa ba ta juyawa, ya ɗago ya ce mini, "Ba komi, Malam."

A asibiti likita ya ɗaga hoton ƙashin ya nuna mana. Ya ce wannan ba karayar yau ba ce, ƙashin ya daɗe da tsagewa, yau dai ya ƙarasa. Ya tambaye ni irin horon da yake yi, na jero masa duka, har da 'yar taƙama a muryata. Sai ya juya wajen Baffa Manu ya tambayi aikin gida.

"To, kaka ce," in ji Baffa. "In munka yi asuba shi ka ɗauko dammunan gero daga gona zuwa rumbu, sawu shida ko bakwai. Sannan shi taho makaranta da ƙahwa. In ya koma, shi tarbo shanu, don yanzu sai an kai su nesa da gonakin mutane. Ba wani aiki na ba."

Likita ya dube ni ya ce, "Malam, ashe naka horon na biyu ne."

Na jira Baffa Manu ya zage ni, da na ji sauƙi. Bai yi ba. Ya ce haka Allah ya so, ya yi mini godiya a kan wahalar da na sha da ɗansa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar nan ba, kuma har yau ba ta gama sakina ba. Ƙafa ta warke da ɗan ɗingishi. Mutanen Sakkwato sun ɗauki yaro ɗaya daga Tambuwal. Sambo kuwa, da ya ajiye sandar asibiti sai ya ɗauki ta kawunsa.

Bayan mako biyu firinsifal ya ce a shafe bangon sito, baƙi za su zo duba makaranta. Na ce ni zan yi da hannuna, don ina neman abin da zan huce a kai. Na dama farar ƙasa, na hau bencin Lawali, na ɗaga buroshi, sai idona ya faɗa kan layin Sambo da lambobin ranaku a gefe. Kwana goman farko yatsun suna hawa. Daga nan suka tsaya. Daga nan suka fara sauka, yau ƙasa da jiya, gobe ƙasa da yau, kamar matakala. Alamar ƙarshe ta fi ta ranar farko ƙasa da tafin hannu guda. Na duba sauran layukan. Na 'yan cikin gari, waɗanda ba su da girbi, suna ta hawa. Na 'yan gona duk sun sunkuya. Makonni shida yaran nan suna rubuta mini gaskiya da gawayi a gaban idona, ni kuma ina sa su shara a kai. Na shafe ko'ina na bar layin Sambo. Firinsifal ya yi faɗa, na ce masa kayan koyarwa ne, in ya shafe in rubuta takarda.

Kada ku ɗauka daga nan na zama gwani. Shekarar da ta biyo baya tsoro ya kama ni, na koma lallashi. Zagaye uku, a sha ruwa. Wanda ya yi atishawa, je ka zauna. Yara suka ƙaunace ni, har suna kawo mini gyaɗa. Da muka je Tambuwal, rabin farko muna kai-da-kai, a kashi na uku kuwa yarana biyar suna tsaye riƙe da gwiwa, ƙwallo tana wucewa suna bin ta da ido. Biyu suka gurɗe a wasa na gaba, don jikin da ba a shirya ba shi ma yana karyewa, hanya ce dai dabam. Baba Kofur ya tako har inda nake, ya leƙa fuskata.

"Ɗan kwaleji, mi kac ciyar da su wata guda da rabi? Kunu?"

To ga abin da na tsaya a kai, kuma shi zan bar muku. Ranar farko ba gudu. Zama ake yi, in tambayi kowa: wa yake da girbi a gida, wa yake kai shanu, wa yake zuwa da ƙafa kuma daga ina. In raba su biyu, 'yan gona da 'yan shayi, wato 'yan cikin gari marasa aikin gida. 'Yan shayi su sha yashi da taya, a hankali ake ƙarawa mako bayan mako, amma su sha, ba tausayi. 'Yan gona ba sa bukatar dogon gudu, gona ta riga ta ba su. Abin da ba su da shi shi ne tashi da tsayawa da juyawa cikin sauri, don mai iya wuni yana tafiya bayan shanu yakan ƙone a minti uku na kai-da-komon fili. Su gajeren gudu nake ba su, da aikin ƙafa, da ƙwallo a hannu, in an kai gero rumbu sannan in ƙara musu. Rana mai nauyi, mai sauƙi ta bi ta. Juma'a hutu. Makon ƙarshe a rage, ko da hannunka yana ƙaiƙayin usur.

Sai bango. Kullum kafin a fara, gawayi a yatsu uku, tsalle, mari, lamba. Yanzu ni nake sayen gawayin. Wanda alamarsa ta sauka kwana uku a jere, ko shi ne tauraronmu, ko ya rantse da abin da ya fi ƙauna cewa lafiyarsa ƙalau, gindin dogonyaro zai zauna ya buga famfo. Shi ya sa ban taɓa sayen famfo mai kyau ba. Idan mai fenti ya zo, ku tsaya a kansa. Akwai layi ɗaya a gefen hagu da na zagaye da jan fenti, ina bin yatsun da sabon gawayi duk shekara. In na ji an shafe shi, daga Tambuwal zan hawo babur da wannan gwiwar.

Makon jiya, kwana biyu kafin ku iso, wani mutum ya tsayar da babur a bakin fili, da dogon yaro a bayansa. Tun daga yadda ya sauke ƙafar dama na gane shi. Gemu ya fara fari, yanzu shanunsa yake kiwo ba na kawu ba. Bai zo wurina kai tsaye ba, bango ya nufa, ya tsaya yana bin matakalar nan da ido daga sama har ƙasa. Sannan ya juyo ya durƙusa ya gaishe ni.

"Malam, ina gajiya?"

"Ba gajiya, Sambo."

Ya dubi gwiwata da na ɗaure da ƙyalle, ya dubi sandar da nake dogarawa, ya yi dariya har da buga cinya. "Har yau dai ƙarya muka yi ma juna, Malam."

Ya jawo yaron gabana. "Ga Buba, na kawo maka. Girbin bana na ɗauke mai, ni da ƙannaina mun isa." Sai ya kama kafaɗar ɗansa, ya yi magana da ƙarfi yadda duk yaran da ke fili za su ji. "Ka ji abin da nika gaya maka. In wanga Malam yat tambaye ka gajiya, in akwai, ka ce akwai. Ni uban ka ni ab ba ka izini."

Yaron ya sunkuyar da kai, kunya kamar ƙasa ta buɗe. Na sa shi cikin 'yan shayi, tunda an ɗauke masa girbi, ya sha yashi da taya daidai da kowa. Sambo bai tafi ba, yana zaune a kan baburinsa yana kallo. Da aka gama na jera su, na rataye hannu a baya kamar Baba Kofur.

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Malam!"

Da ihun ya lafa, sai muryar Buba ƙasa-ƙasa daga ƙarshen layi.

"Akwai, Malam."

Yara suka fara dariya, na ɗaga hannu suka yi tsit. Shekara talatin da wani abu ina yin wannan tambaya, ranar nan aka fara ba ni amsa. Na waiga wajen babur. Sambo ya juya mana baya, yana ta gyara madubin da ba abin da ya same shi.